Nisa da Zumunta Tsakanin Sassan Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wanda ya ga kan wannan maƙala ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da ƙwaƙwalwa, ai wannan fagen likitoci ne. Amsa ita ce, harshen nan da muke nazarin sautinsa da nahawunsa da adabinsa a ƙwaƙwalwa yake zaune, baki da maƙogwaro 'yan aike ne kawai. Abin da nake so in tattauna a nan ɗan ƙanƙane ne cikin wannan babban fage, watau yadda nisan da ke tsakanin sassan ƙwaƙwalwa yake ƙayyade yawan hulɗarsu da juna, da kuma abin da kan sami magana da karatu idan hanyar nesa ta yanke. Da yake ni mutumin Sheme ne ta ƙasar Faskari, zan riƙa ɗauko misalaina daga hanyoyin da na sani.

Garin Sheme yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta 'Yankara da Tsafe zuwa Gusau, kuma a nan ne hanyar Ƙanƙara ta haɗu da ita. Duk wanda ya tsaya a tasha ranar kasuwa ya lura, zai ga mafi yawan mutanen da ke shigowa daga ƙauyukan kewaye suke, wasu a ƙasa, wasu a kan babur. Waɗanda suka zo daga Funtuwa ko Ƙanƙara ba su kai su yawa ba. Mutanen Katsina da Gusau sun fi waɗannan ƙaranci, sa'an nan sai 'yan manyan motoci da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, waɗanda za su ɗauki kaya zuwa Kudu. Ba wanda ya kafa dokar cewa haka za a yi. Tsadar tafiya ce ta tsara abin. To, masana sun gano cewa irin wannan tsari ne a cikin kan kowannenmu.

Ƙwayoyi da zaruruwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Birazil cikin 2009 ta nuna tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Kimanin biliyan 16 daga cikinsu suna cikin ɓawon ƙwaƙwalwa, watau shimfiɗar nan mai ruwan toka da ta yi ƙundumi-ƙundumi ta lulluɓe sama, wadda kaurinta bai wuce milimita biyu zuwa huɗu ba. Wannan ɓawo a rarrabe yake sassa-sassa, akwai na gani a wajen ƙeya, na ji a wajen kunne, na sarrafa gaɓoɓi a tsakiyar kai, da sauransu. Kowace ƙwaya tana da wani siririn zare guda ɗaya da take aika saƙo ta cikinsa. Wani zaren a nan kusa yake tsayawa, wani kuwa sai ya nutsa ƙarƙashin ɓawon ya yi tafiya kafin ya ɓullo a wani sashe. Tarin waɗannan zaruruwa masu tafiya shi ne farin ɓangaren da ake gani idan an tsaga ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya sa ya yi fari shi ne wata riga ta kitse da aka naɗe zaruruwan da ita, kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba.

Tambayar farko ita ce, me ya hana kowace ƙwaya ta miƙa zare ga kowace 'yar'uwarta, kowa ya huta? Lissafi ne ya hana. Idan ana so a haɗa garuruwa goma kowanne da kowanne kai tsaye, sai an yi hanyoyi 45. Idan hedkwatocin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina ne, sai an yi 561, kuma da an yi haka da hanyoyi sun cinye gonaki. Mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru da biliyan 86. Saboda haka kowace ƙwaya 'yan dubbai kawai take hulɗa da su, kuma dole ne a yi zaɓi. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1906, tun a ƙarshen ƙarni na 19 ya ce siffar jijiyoyi tana bin ƙa'idar tattali ta fuska uku: tattalin wuri, tattalin kayan gini, da tattalin lokaci. An fi shekara ɗari kafin a sami alƙaluman da suka nuna iyakar gaskiyar maganarsa.

Dokar nisa

Alƙaluman da suka fi ƙarfi daga birnin Liyon na Faransa suka fito, inda Henry Kennedy da Nikola Markov da jama'arsu suka shafe shekaru suna aiki a kan wani irin biri da ake kira makak. Dabararsu mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi. Sai su ɗiga wani rini a sashe ɗaya na ɓawon ƙwaƙwalwa. Bakin kowane zare da ya ƙare a wurin sai ya sha rinin, rinin ya bi zaren da baya har ya isa ga ƙwayar da ta aiko shi. Daga nan sai a yayyanka ƙwaƙwalwar, a ƙirga ƙwayoyin da suka rinu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sashen da kowacce take. Kamar dai a tsaya a ƙofar kasuwa ne a tambayi kowa garin da ya fito. Sun kasa ɓawon kashi 91, suka ɗiga rini a 29.

Abu na farko da suka gani shi ne, wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka rinu a cikin sashen da aka ɗiga rinin suke. Watau mafi yawan maganar da kowane sashe yake ji ta 'yan gida ce. Ragowar kuma mafi yawansu daga maƙwabta suke. Abu na biyu ya ba da mamaki: sassan da suke da wata alaƙa kai tsaye sun fi yadda ake zato yawa, domin kusan biyu bisa uku na hanyoyin da za su iya kasancewa akwai su. Sai dai ƙarfinsu ya sha bamban ƙwarai, wata hanyar ta ninka wata har sau 100,000. Wata titi ce mai kwalta, wata kuwa 'yar burtali ce da ƙwayoyi ƙalilan suka tattaka.

Cikin 2013, da haɗin gwiwar masana Mária Ercsey-Ravasz da Zoltán Toroczkai, aka fitar da ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan bambanci. Yawan zaruruwa ba a hankali yake raguwa da nisa ba, rabewa biyu yake yi a kai a kai. A ƙwaƙwalwar wannan biri, duk lokacin da tsawo ya ƙaru da kimanin milimita uku da rabi, sai yawan zaruruwa masu wannan tsawo ya ragu da rabi. A ce muna da zare 1,000 a matakin farko. Mataki na gaba 500 ne, na gaba 250, na gaba 125. Kafin a yi mataki goma, watau abin da bai kai santimita huɗu ba, saura ɗaya tak. Cikin 2016 aka gwada ƙa'idar a kan ɓera, aka ga tana nan, sai dai matakin rabewar bai kai milimita ɗaya ba. Amma da yake ƙwaƙwalwar ɓera 'yar mitsitsiya ce, kusan kowane sashe nata yana taɓa kowane, kamar ƙauyen da kowa ya san kowa. Ƙwaƙwalwa tana girma, sassanta suna ƙara zama baƙin juna. Ta ɗan'adam, mai tsawon abin da ya haura santimita 15 daga goshi zuwa ƙeya, ita ce ke cikin wannan hali sosai, kuma ƙiyasin masana ya nuna dogayen zaruruwan da ke haɗa sassa masu nisa a cikinta ba su wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba.

A nan ya kamata in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai. Ba a ɗiga wa mutum rini a yayyanka kansa, saboda haka abin da aka sani game da ɗan'adam mafi yawa daga na'urar ɗaukar hoto mai maganaɗisu ya fito, ita kuwa tana da nata aibin. Cikin 2009 an yi ta yayata cewa ƙwaƙwalwar yara ta fi hulɗar kusa, ta manya ta fi hulɗar nesa. Sai ga shi cikin 2012 ƙungiyoyin bincike uku sun nuna cewa ɗan motsin kai a cikin na'urar, ko da bai kai milimita ɗaya ba, yakan ƙara wa hulɗar kusa ƙarfi a hoto ya rage wa ta nesa. Yara kuwa, kowa ya sani, ba su iya zama wuri ɗaya. Wani kaso na abin da aka ɗauka girma ne, ashe mutsu-mutsu ne. Wanda ya taɓa ɗaukar maganar tsofaffi da rikoda a bakin kasuwa ya san yadda kayan aiki kan cusa nasu a cikin bincike.

Tsadar nisa

Tsada ta farko ita ce wuri. Ƙoƙon kai ba ya faɗaɗa, kuma kan jariri tilas ya bi ta ƙugun uwa. Duk da wannan tattali, wani bincike da aka yi a Denmak cikin 2003 ya ƙiyasta cewa idan aka jera zaruruwa masu rigar kitse na saurayi ɗan shekara 20, za su kai kilomita 176,000, watau su zagaye duniya fiye da sau huɗu. Ta biyu ita ce abinci. Ƙwaƙwalwa kashi biyu ce cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa, kuma mafi yawansa a kan aika saƙo yake tafiya.

Ta uku, wadda ta fi shafar mu masu nazarin harshe, ita ce lokaci. Kafin 1850 ana ɗauka saƙon jijiya kamar walƙiya yake, sai Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna shi a jijiyar kwaɗo ya ga wajen mita 30 yake yi a sakan ɗaya. Yanzu an san zare marar riga bai fi mita ɗaya ko biyu a sakan ba, mai riga kuma mai kauri yana iya kai wa mita 120. A ɗauki tafiyar santimita 15. A zare mai gudun mita 10 a sakan, saƙo zai isa cikin kashi 15 bisa 1,000 na sakan. A mai gudun mita ɗaya, sai ya ci kashi 150. Wannan ba ƙaramin jinkiri ba ne ga mai magana, domin a hira ta yau da kullum mutum yakan furta gaɓa huɗu zuwa shida a sakan ɗaya, kuma abin da ya raba gashin kai da gashin nama a kunnen Bahaushe ɗan tsawon wasali ne da bai kai kashi ɗaya bisa biyar na sakan ba. Ana iya ƙara gudu ta hanyar ƙara kauri, amma ninka gudu sau biyu yana bukatar ninka kauri sau biyu, wanda zai ci wuri sau huɗu. Don haka ne zaruruwa masu kauri suka yi kaɗan. Ko a babbar gadar da ta haɗa ɓarin hagu da ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, mai zaruruwa wajen miliyan 200, mafi yawa sirara ne. Cikin 1994 James Ringo da abokansa suka kawo ra'ayin cewa wannan jinkiri na tsallaka gada yana cikin dalilan da suka sa aiki mai bukatar sauri, irin magana, ya tattara a ɓari guda, wanda ga yawancin mutane na hagu ne. Ra'ayi ne, ba a gama yarda da shi ba, amma a ganina yana da ƙamshin gaskiya.

Fatake

To, in nisa yana da wannan tsada, me ya sa ba a bar shi gaba ɗaya ba? Cikin 2006 Marcus Kaiser da Claus Hilgetag suka sa kwamfuta ta sake jera sassan ƙwaƙwalwar biri don a rage tsawon zaruruwa, suka ga ana iya rage shi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ashe ba a bi arha har ƙarshe ba, an bar wasu dogayen hanyoyi duk da tsadarsu. Bayanin da aka fara bayarwa shi ne suna rage yawan zango, domin saƙon da zai bi ta hannu bakwai ya fi wanda zai bi ta hannu biyu jinkiri da gurɓata. Daga baya, cikin 2018, Richard Betzel da Danielle Bassett suka ce wannan bai isa ba, tun da dogayen hanyoyin raunana ne, ba za su ɗauki cunkoso ba. A ganinsu amfaninsu shi ne suna kawo abin da babu shi a gida. Maƙwabta kusan labari ɗaya suke ji, abokan hulɗarsu ɗaya, sabon abu daga nesa yake zuwa.

Ni na fi karkata ga wannan bayani na biyu, wataƙila don tarihinmu ya saba mini da shi. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ba su kai ɗaya cikin dubu na masu cin kasuwannin ƙauye ba, kuma tafiyarsu ta watanni ce. Amma dawa da gero kowane ƙauye yana da su, goro kuwa sai ta hannun madugu. Haka nan duk wanda ya yi nazarin karin harshe ya san maganar mutumin Sheme ta fi kusa da ta maƙwabtansa, amma sabuwar kalma sau da yawa daga babban gari take tsallakowa zuwa wani babban gari, ta bar ƙauyukan tsakani sai daga baya.

Idan hanya ta yanke

A ƙarshen watan Agusta na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Ƙanƙara tana nan, Sheme tana nan, ba abin da ya rushe a cikinsu, amma abin da ke gudana tsakaninsu ya ragu, wanda ya samu ya wuce kuma ya iso a makare da ƙarin kuɗin mota. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin irin wannan ciwo, inda sassa suke lafiya amma hanyar tsakaninsu ta mutu.

Cikin 1861 Paul Broca ya nuna a Faris cewa lahani a gaban ɓarin hagu yana hana furta magana, bayan ya binciki gawar wani majinyaci da ya shekara da shekaru ba ya iya faɗin komai sai gaɓa ɗaya, "tan". Cikin 1874 Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, ya gano wani sashe a baya, wajen kunnen hagu, wanda lahaninsa ke hana fahimtar magana. Sai ya yi hasashe: in akwai wurin ji da wurin furtawa, lalle akwai hanya tsakaninsu, kuma in ta yanke za a sami wani ciwo dabam. Aka kuwa same shi. Mai wannan ciwo yana fahimtar abin da aka gaya masa, yana kuma magana ba tare da sarƙewa sosai ba, amma in aka ce ya maimaita kalma sai ya kasa. A ce masa "tattabara", ya ce "tabbatara", ya ji da kunnensa bai yi daidai ba, ya sake, ya sake, yana kewaye kalmar kamar mai neman ƙofa a duhu. Mai karatu ya tuna yadda karatun allo yake, malam ya biya almajiri ya maimaita, zai ga girman abin da aka rasa. Hanyar da aka danganta da wannan aiki wani dami ne na zaruruwa mai lanƙwasa kamar bakan harbi, wanda ya taso daga wajen kunne ya zagaya ta sama ya sauka a gaba. Binciken baya-bayan nan ya nuna sau da yawa lahanin yakan haɗa da ɓawon da ke kan gwiwar damin, ba zaruruwan kaɗai ba, don haka hoton Wernicke ya fi yadda abin yake sauƙi. Duk da haka, da aka sa ƙwaƙwalwar majinyacin Broca, wadda ke ajiye a Faris, cikin na'urar hoto, sakamakon da Nina Dronkers ta buga cikin 2007 ya nuna lahanin ya nutsa har cikin waɗannan dogayen zaruruwa, abin da Broca bai gani ba domin bai tsaga ta ba.

Wannan dami ya fi girma nesa ba kusa ba a ɗan'adam bisa ga yadda yake a birai, kamar yadda James Rilling ya nuna cikin 2008, kuma yana cikin hanyoyin da ke jinkirin nuna. Reshensa da ke isa sashen Broca bai gama samun rigarsa ba a jariri, har a yaro ɗan shekara bakwai bai kai na baligi ba.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda Jules Dejerine ya bayyana cikin 1892. Wani attajiri ne mai ilmi ya wayi gari ba ya iya karatu. Idonsa yana ganin baƙaƙe, har yana iya kwatanta siffarsu, kuma yana iya rubuta wasiƙa ba kuskure, amma ba ya iya karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Bayan rasuwarsa aka ga sashen gani na hagu ya lalace, haka ma zaruruwan da ke ɗauko saƙo daga sashen gani na dama. Watau ɓarin dama yana gani, ɓarin hagu ya san harshe, amma babu mai kai wa wani labari. Norman Geschwind na Amurka ne ya farfaɗo da waɗannan tsofaffin bayanai cikin 1965, bayan an yi shekaru an yi watsi da su. Abin farin ciki kuma, hanyar tana ginuwa kamar yadda take rushewa. Cikin 2009 Manuel Carreiras da abokansa suka duba tsofaffin 'yan tawayen Kolambiya da suka ajiye makamai suka koyi karatu da girmansu, suka ga bayan gadar tsakiya ya fi kauri a wurinsu bisa ga takwarorinsu da ba su koya ba. Malaman yaƙi da jahilci sun daɗe suna aikin gina hanya ba su sani ba.

Abubuwan da ke yanke waɗannan hanyoyi a ƙasarmu ba baƙi ba ne. Idan mai babur ya faɗi ba hular kwano, kai ya fizgu, dogayen zaruruwa ne suka fi saurin tsinkewa, musamman na gadar tsakiya, har mutum ya tashi ba rauni a waje amma tunaninsa ya yi nauyi. Hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da farin ɓangaren. Sai kuma shanyewar ɓarin jiki, wadda wani lokaci ba ta taɓa hannu ko ƙafa, magana kaɗai take kamawa. Dattijo ya tashi da safe yana musanya baƙaƙe, ko ya kasa maimaita abin da aka faɗa masa, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a tafi neman hayaƙi da rubutu har rana ta faɗi. Alhali in toshewar jijiyar jini ce, maganin da ke narkar da gudan jinin cikin awa huɗu da rabi na farko aka fi ba da shi, kuma ba a ba da shi sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa jijiyar ta yi ba. Daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kafin a sami mota, a fito titi, a kai Funtuwa, a wuce babban asibiti irin na koyarwa da ke Shika ta Zariya, mafi yawan waɗannan awoyi a hanya suke ƙarewa.